Shokazobar Sarkin Lodi

A tasha ba wanda ya san shi da wani suna sai Sarkin Lodi. Tun yana da baƙin gashi yake jigilar siminti da bulo a a-kori-kurarsa mai kujerar baya, kuma ra'ayinsa kan shokazoba ɗaya ne tak: in ba ta yi tauri ba, ba ta maza ba ce. Yadda yake zaɓa kuwa, sai ya kafa ƙarfen a ƙasa ya danne da ƙirji. Wanda ya lotsa, ya ture shi da ƙafa. Mutum ne mai kirki, amma taurin kai kamar jakin da ya ga gada.

Aka yi wa matarsa aikin ƙashin baya. Ranar da za a sallame ta, likita ya ja shi gefe ya ce a kai ta gida a hankali, girgiza mai ƙarfi tana iya ɓata aikin gaba ɗaya. Hankalinsa ya tashi, don shokazobar bayan motar ta fara yoyon mai. Ya garzaya shagon kayan mota.

Mai shagon ya ajiye masa iri biyu a kan tebur. Sarkin Lodi ya danna na farko, ya sauka sumul. Ya ja tsaki.

"Wannan ai na motar 'yan gayu ne."

"Yallaɓai, me za ka ɗauka?" in ji mai shago. "In ba kaya, mai taurin nan tsalle zai riƙa yi da kai."

"Ni za ka koya wa mota? Ba ni mai ƙarfin. Yau ba ranar wasa ba ce."

A zuciyarsa gata yake yi mata. Makaniki ya ɗaura, ya wuce asibiti, aka kwantar da ita a kujerar baya, aka tokare ta da matasai.

Kan kwalta lafiya lau. Suna sauka hanyar unguwa mai gargada, bayan motar ya daki ramin farko ya yi sama kamar an harba shi. Ya ji numfashinta ya ɗauke. Ya rage gudu har masu keke suna wuce shi, amma motar da ba lodi ba ta san lallashi ba, kowace tsakuwa sai ta kai ta ga bayan matar nan. Ya leƙa madubi, ya ga ta cusa bakin mayafi a baki tana cizo, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji a kan sitiyari ba.

Ya tsaya, ya zagayo ya buɗe ƙofar.

"Sannu. Motsa yatsun ƙafarki in gani. Don Allah motsa."

Can babban yatsan ya motsa, sauran suka bi. Ya durƙusa a bakin ƙofar.

"Wallahi sabuwar shokazoba na saka miki. Ban san haka bayan nan yake ba."

Ta zare mayafin daga baki, ta dube shi ba fushi.

"Maigida, tun da ka sayi motar nan haka bayan yake. Da cikin yaranmu duka a nan na zauna. Yau ne dai ka waiwayo."