Ranar da Hannun Mudi Wanzami Ya Yi Rawa

Wata rana da sanyin safiya na je Malumfashi bikin sunan ɗiyar aminina Nafi'u.

Tsakani da Allah, zumunci ne ya kai ni, amma waina da miyar taushe ma sun taka rawarsu. Wanda ya san ni ya san ba na wasa da wainar suna.

An raɗa suna a ƙofar gida, an shafa fatiha, an raba goro da dabino. Yarinya ta ci suna Rumasa'u.

Sai Nafi'u ya ja hannuna muka shiga ciki, don ni ɗan gida ne, ba ni da shamaki.

Muna shiga na ji tsakar gida tsit.

Gidan suna fa. Mata cike, amma ko tari babu mai yi.

A gindin darbejiya wani siririn mutum ne zaune a kan tabarma, rigarsa fes, kansa a sunkuye. A gabansa ga zabira, jakar fatar nan da wanzamai suke zuba kayan aikinsu.

A tsaye kuma Hajiya Tasalla ce, mahaifiyar Nafi'u. Ta ƙanƙame jaririyar a ƙirji kamar wani ya ce zai ƙwace.

"Wallahi ba zan ba shi ba," in ji ta. "Wanzaman garin nan ƙarewa suka yi ne? A je a nemo wani."

Na dubi Nafi'u. Ya ja ni gefe, ya rage murya, ya ba ni labari.

Sunan mutumin Mudi. Gidansu ne wanzaman gidan su Nafi'u tun kaka da kakanni. Kakansa ne ya yi wa Alhaji Sallau, mahaifin Nafi'u, askin suna. Ubansa kuma shi ya yi wa Nafi'u.

Da uban ya rasu, Mudi ya gaji zabira. Kuma ya gaji hannu, don a lokacin har cewa ake yi yakan gama wa jariri aski yaro bai farka daga barci ba.

To, wani jajibirin Sallah kawuna suka yi masa yawa, layi har bakin titi. Bayansa ya riƙe, idonsa ya yi ja. Wani abokinsa ya miƙo masa ƙwayar tramol, ya ce ya haɗiya ya ga ikon Allah.

Ya haɗiya. Gajiya ta tafi. Ya gama da layin nan kaf.

Daga ranar Sallah abin ya koma ranar kasuwa. Daga ranar kasuwa ya koma kullum. Daga ɗaya ya koma biyu, daga biyu aka daina ƙirge.

Har ta kai idan ya tashi da safe hannunsa karkarwa yake yi, ba ya tsayawa sai ya haɗiya.

Abin da ya fara sha don ya yi aiki, shi ya koma yi wa aiki.

Wata Juma'a yana yi wa Alhaji Sallau aski, hankalin Mudi ya ɗauke da aska a hannu. Ya tsarge dattijon daga saman kunne har kusa da ƙeya. Jini ya wanke farar rigar masallaci, sai da aka yi ɗinki a asibiti.

Kafin la'asar labari ya gama gari.

Daga ranar babu wanda ya sake miƙa wa Mudi kansa. Matarsa ta kwashe kayanta ta koma gidansu. Mutane suka yi ta cewa shi kenan, gidan wanzamai ya mutu a hannunsa.

Ni ma da na ji haka na ce a raina, ai Hajiya tana da gaskiya. Kan jariri ba kabewa ba ne da za a gwada aska a kai.

Amma Nafi'u ya ce in tsaya, labarin bai ƙare ba.

Bayan an warware wa Alhaji ɗinki, Mudi ya ɗauko zabirarsa da kansa, ya zo har zauren mutumin da ya yanka, ya durƙusa ya ajiye masa ita. Ya roƙe shi ya riƙe, ko da zai dawo yana kuka yana birgima kada ya ba shi.

Daga nan ya kai kansa asibitin masu fama da shaye-shaye.

Ya sha wuya. Amai, ciwon gaɓoɓi, zufa, rashin barci, babu wanda bai gani ba.

Ya fito, aka yi ta murna. Ba a daɗe ba ya koma ruwa.

A nan ne mutane da yawa suke cewa tunda na faɗi, bari in kwanta gaba ɗaya. Shi kuwa da ƙafarsa ya sake komawa asibitin, ya ce musu ga shi ya dawo, a sake daga farko.

Da ya fito karo na biyu sai ya canza komai. Ya bar majalisar da yake zama. Ya daina bin layin da ake sayar da ƙwayar, ko da kuwa zagaye zai yi mai nisa. Ya kama dakon buhuna a kasuwar hatsi, ɗan gadon aska yana ɗaukar masara a ka, ana nuna shi da baki. Duk ranar Juma'a kuma yakan koma asibitin ya zauna da waɗanda suke ciki su yi hira.

A haka shekaru suka tafi. Matarsa ta dawo ɗakinta. Bayan azumin bara Alhaji ya kira shi ya miƙa masa zabirarsa.

Manya sun fara zuwa aski jefi-jefi. Amma jariri? Babu gidan da ya yarda.

Kuma wanzamin da ba a kira shi suna, wanzami ne a baki kawai.

Shi ne yau Alhaji ya aika masa, ba tare da ya shawarci Hajiya ba. Idan aka kore shi daga nan, a gaban matan unguwa, to kafin azahar kowa zai ji cewa gidan da ya mayar masa da zabira ma bai yarda da shi ba. Daga nan sai dai ya koma dako har ƙarshen rayuwarsa.

Muna cikin wannan raɗa sai ga Alhaji Sallau ya shigo yana dogara sanda.

"Hajiya, zauna ki riƙe masa ita."

Ta dube shi, ta dubi mata, ta ja tsaki ciki-ciki. Ta zauna dai, amma fuskar nan kamar hadarin gabas.

Mudi ya wanke hannu. Ya jiƙa kan yarinya da ruwan ɗumi. Ya yi bisimilla ya ɗauki aska.

Sai hannun ya fara rawa.

Ba 'yar ƙaramar rawa ba. Kowa ya gani.

Wata mata daga baya ta ce, "Kun gani ko? Mai hali ai ba ya barin halinsa."

Na ji tausayin bawan Allahn nan har cikin raina.

A can gefe akwai mahaucin da aka kira ya feɗe ragon suna, wai shi Ɗanjuma. Ashe shi ne abokin nan na jajibirin Sallah. Ya taso da buta kamar zai ƙara wa Mudi ruwa, ya tsuguna dab da shi, ya buɗe tafin hannunsa a ɓoye. Ina tsaye a bayansu, da idona na ga ƙwayar.

"Ɗaya kawai," ya raɗa masa. "Hannunka ya tsaya ka fita kunya. Babu wanda zai sani."

Mudi ya kalli ƙwayar. Ya daɗe yana kallonta.

"Ni zan sani, Ɗanjuma. Rufe hannunka."

Sai ya ajiye askar a kan tabarma, ya ɗago kai ya dubi Hajiya, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Hajiya, hannuna rawa yake yi, kin gani, ba zan ɓoye miki ba. Wallahi ban sha komai ba, tsoro ne. A da idan ya yi haka, ƙwaya nake haɗiya in ci gaba. Yanzu askar nake ajiyewa. Ba zan taɓa kan yarinyar nan da wannan hannun ba. A kira wani."

Ya fara tattara kayansa yana zubawa a zabira.

Jama'a, mutumin nan ya san abin da zai rasa. Ya zaɓi ya fita da kunya a gaban mata, da ya saye mutuncinsa da ƙwaya ɗaya.

Kafin ya rufe zabirar sai muka ga Alhaji Sallau ya jingine sandarsa a jikin bishiya. Ya cire hularsa ya miƙa wa Nafi'u. Ya lallaɓa ya zauna a kan tabarma, ya juya wa Mudi gefen kansa mai tabo.

Dogon tabo ne, fari, gashi bai sake fitowa a wurin ba.

"Rabin aski ka yi mini rannan, Mudi. Ga inda ka tsaya. Ƙarasa."

"Baba, hannuna..."

"Na ji. Kaina ne ai, ba naka ba. Fara."

Mudi ya tashi ya wanke fuskarsa da ruwan buta. Ya dawo ya durƙusa a bayan dattijon, ya shafa masa ruwa da sabulu, ya ɗora aska.

Ja na farko, hannun yana rawa. Ni kam na rufe ido ɗaya.

Alhaji kuwa ko a jikinsa. Hira ma ya kama yi, yana tambayarsa wai da gaske ne masarar bana ta fi ta bara nauyi, tunda shi ne ya ɗauke ta a ka. Mudi ya amsa. Alhaji ya ce to ai shi ya sa wuyansa ya yi kauri. Wata tsohuwa ta fashe da dariya, wasu suka taya ta.

Ana dariya, aska tana tafiya.

Ban san lokacin da rawar ta tsaya ba. Na dai lura gashi yana zuba a hankali, hannun yana bin kan dattijon sumul.

Da ya iso wurin tabon sai ya dakata. Ya sa babban yatsansa ya shafa shi. Sannan ya bi gefe da gefensa da aska, a natse, har ya wuce.

Ko ɗigon jini babu.

Alhaji ya shafa kansa da tafin hannu, ya karɓi hularsa, ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa ya koma gefe.

Duk wannan abin Hajiya Tasalla tana kallo, ko ƙiftawa ba ta yi. Sai ta gyara zama, ta kwantar da jaririyar a cinyarta, ta ɗaga murya ta kira wata yarinya.

"Ke Hansatu, ruwan nan ya huce, ƙaro mai ɗumi. Kai kuma Mudi matso nan, rana tana yi."

Ya matso. Ya ɗauko wata askar, ya wanke ta da ruwan zafi, ya yi bisimilla.

Ya tallafi ɗan kan nan da yatsunsa. Gashin ya dinga sauka a kan farin ƙyalle, baƙi wuluk, mai laushi kamar auduga.

Har ya gama, Rumasa'u ba ta farka ba.

Sai guɗa ta tashi. Gidan da ya yi tsit ɗazu ya kaure, har maza suna leƙowa daga zaure suna tambayar me ya faru.

Hajiya ta shafa kan jikarta, ta duba gaba ta duba baya, tana neman ko ƙwarzane. Ba ta samu ba. Ta dubi Mudi, idonta ya kawo ruwa.

"Hannun ubanka ne sak. Allah ya yi maka albarka."

Mudi ya kifa fuskarsa a kan zabira ya yi ta kuka. Ni ma na juya na fuskanci bango, wai ina gyara hula.

Matar nan da ta ce mai hali ba ya barin halinsa, ita ce ta fara matsowa. Wai ƙanwarta ta haihu, suna ranar Laraba, kada ya makara.

Da zai tafi na bi shi zaure na tambaye shi ko har yanzu sha'awar abin tana zuwa masa.

Ya yi murmushi ya ce, "Tana zuwa mana, Malam. Har sallama take yi. Ni ne dai na daina amsawa."

Muna tsaye sai ga Ɗanjuma mahauci ya fito yana goge hannu a jikin riga. Ya yi ta kame-kame, ya kasa haɗa ido da kowa. Can dai ya ce, "Mudi, asibitin nan da ka je... ranar Juma'a in za ka tafi, ka biyo ta rumfata."

Mudi ya rataya zabirarsa a kafaɗa, ya ce masa ya shirya da wuri.

Da na koma ciki wainata ta yi sanyi ƙalau. Ban taɓa cin waina mai daɗinta ba.

Darasi:

Daina shaye-shaye ba yana nufin hannunka ba zai sake rawa ba. Zai yi. Tsoro zai zo, kunya za ta zo, mai miƙo maka ɗaya kawai ma zai zo. Canjin gaskiya yana cikin abin da ka yi a wannan lokacin. Mudi ya ajiye aska ya faɗi gaskiya, kuma wannan gaskiyar ce ta dawo masa da gadon gidansu.

Idan ka faɗi bayan ka tashi, sake tashi. Wanda ya koma neman magani karo na biyu ba rago ba ne.

Mu kuma da muke gefe, mu rage nuna mutum da baki. Wanda ya tuba yana buƙatar mutum ɗaya da zai cire hula ya zauna a gabansa.

Kada wannan labari ya tsaya a wayarka. Tura shi gaba. Wataƙila akwai wani Mudi a cikin abokanka da hannunsa yake rawa yau, yana jiran ya ji cewa ana warkewa.