Hawayen da Aka Hana Ni

Shekarar da mijina ya sayi babur, ita ce shekarar da baƙon dauro ya shigo ƙauyenmu, can gefen Baure. Kuɗin fetur sun fara yawo a ƙasa, rediyo na ihu a kowane zaure. Ɗana na fari yana da shekara uku.

Ɗan fari kuwa, kun san yadda muke yi da shi. Ban taɓa kiran sunansa ba, "kai yaro" nake cewa. In ya rugo ya rungume ƙafata a gaban mutane, sai in ture shi, wai kunya. Haka aka koya mini.

Da ƙurajen suka feso, jikinsa ya yi zafi kamar tukunyar tuwo, na ajiye kunyar na ce wa uwar mijina, "Inna, a kai shi asibitin Daura mana, ga babur." Ta kalle ni sama da ƙasa. "Ke, ba a kai baƙon dauro asibiti, allura mayar da shi ciki take yi. Kuma yaushe kika fara sa baki a kan ɗan fari?" Mijina kuwa yana zaune yana jin mu. Babur ɗin na jingine a gindin darbejiya, an lulluɓe shi da zane don kada rana ta ci fentinsa.

Ranar Laraba da hantsi yaron ya cika.

Sai ga masu gaisuwa, kowa da wa'azinsa a baki. "Allah ya karɓi abinsa." "Ya fi ki son sa." Da na buɗe baki zan yi kuka, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta damƙe hannuna. "Kul, 'yar nan! Duk ɗigon hawayenki tafasasshen ruwa ne a jikinsa."

Haba jama'a! Wane irin Ubangiji kuke kwatanta mini? Wanda muke kira Mai rahama safe da yamma, shi ne zai ƙona yaro ƙarami don uwarsa ta yi kuka? Kuma don me duk abin da mutane suka ƙi yi da hannunsu sai a jingina wa Allah? Allah ne ya lulluɓe babur? Har yau ina sallata, amma wallahi wannan kwatancen nasu ban yarda da shi ba.

A lokacin dai haɗiyewa na yi. In gaskiya suka faɗa fa? Zafin da ya sha ya ishe shi. Har aka yi sadakar bakwai ban zubar da ko ɗigo ba.

Bayan nan ina tankaɗe a bayan rumbu, sai na yi ido huɗu da ɗan ƙoƙon da yake shan kunu. Sunansa ya kuɓuce mini daga baki, karo na farko. Na yi maza na tara tafin hannuna, kada hawayen su kai ƙasa inda yake kwance. Suka cika hannun, na tsaya ina jiran ƙuna. Ko ɗumin kunun da nake ba shi ba su kai ba.