Jinin Abokin Gardamata

Assalamu alaikum jama'a. Na san kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Ni ne dai Lawan, mai gyaran injin ban-ruwa a Tsanyawa. Allah ya sake ara mini kwana, shi ya sa na ce bari in ba ku labari da kaina.

Abin ya fara da zazzaɓi bayan girbin gero. Na ce na sauro ne, na je kemis aka haɗa mini magani. Kun san halin da ake ciki: kwanon masara ya gagari talaka, kuɗin mota ya ninka. Wa zai tafi asibiti a kan zazzaɓi?

Sai ciwon ciki ya biyo baya. Cikin ya kumbura ya yi tauri, ko mayafi ne ya taɓa shi sai na yi ƙara.

Ga waɗanda ba su sani ba, muna da wani zaure a waya na masoyan mawaƙin nan namu da ke tsara waƙarsa da kansa. Mun rabu gida biyu. Mu muna cewa tsofaffin waƙoƙinsa da yake yi da gurmi kaɗai, su ne waƙa. Su kuma suna bayan sababbi masu kiɗan zamani. Jagoransu Sabo ne, direban bas daga Kunci. Shi ya laƙaba mini suna Tsohon Kaset, ni kuma ina ce masa Ɗan Hayaniya. Kullum sai mun fafata, jama'a na zuga mu, amma ko a hanya ba mu taɓa haɗuwa ba.

Da aka daina jina, Sabo ya rubuta: "Tsohon Kaset ya sha kaye ya gudu."

Matata Hadiza ce ta gani. Ta danna ta aika saƙon murya a zauren, ta ce maigidan ba ya ko iya zama.

Kafin azahar sai ga bas a ƙofar gida. Ashe Sabo ne, sauke fasinjojinsa ya yi, ya haɗa su da wata motar, ya yi ta tambaya har ya gano gidan.

Ya leƙo ɗaki ya dube ni. "Kai ne Tsohon Kaset? Ashe ma yaro ne! Tashi mu tafi, ba za ka gudu ka bar ni da gardama ba."

Dariya yake yi, amma na ga idonsa ya kaɗa.

Asibitin kusa da mu suka ce mu wuce Kano. Can aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki, aka sa mini roba a hanci da ƙarin ruwa. Likita ya kira Hadiza gefe, amma na ji shi.

"Taifot ce ta huda masa hanji. Da kun ƙara kwana, da wata magana ake yi. Sai an yi tiyata, kuma muna buƙatar jini."

A nan ne tsoro ya kama ni sosai. Na yi ta maimaita kalmar shahada, ina tunanin 'ya'yana.

Kuɗin aikin ya cinye awakin Hadiza da rabin geronmu, sauran 'yan zaure suka cika. Amma jinin ne abin da har gobe nake al'ajabi.

Sabo ya sanar a zaure. Kafin magariba mutane suka yi layi a ƙofar ɗakin gwaji. Masu sayar da kayan miya, malaman makaranta, 'yan acaba, 'yan gurmi da 'yan kiɗan zamani. Wata nas ta tambayi Hadiza ko duk dangi ne.

Ta ce, "Wallahi ban taɓa ganin ko ɗaya ba."

Da yawansu da aka gwada, sai aka ce jininsu bai kai ba, su ma abinci suke buƙata. Hadiza ta ce wani dattijo da aka mayar sai ya zauna a dakali yana share hawaye, wai ya zo daga nesa ba a karɓi nasa ba. Mutumin da bai ci ya ƙoshi ba, yana kuka don an hana shi ba ni jini. Subhanallah.

Na Sabo ya dace da nawa.

Da na farfaɗo, fuskarsa na fara gani. Ya sunkuyo ya ce, "Sannu Malam Lawan. To, yanzu jinina ke yawo a jikinka. Ka ce mene ne game da sababbin waƙoƙi?"

Na ce da ƙyar, "Hayaniya ce."

Ya juya ya ce wa Hadiza, "Alhamdu lillahi, ya warke." Dariya ta so ta kwance mini ɗinki.

Sauran jinyar ba wasa ba ce. Wankin ciwo kowace safiya, allura, ƙishirwar da aka hana ni kashewa. Ranar da aka ba ni kurɓin ruwa na farko, sai na ji kamar ban taɓa sanin ni'imar ruwa ba. Hajiya Binta ta Bacirawa, mai kula da zauren, ita ta riƙa aiko wa Hadiza abinci, daga baya ni ma kunu. Yanzu ina gida, har ina takawa zuwa masallaci.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da Hadiza, da Hajiya, da Sabo, da dattijon da ban san sunansa ba. Allah ya saka muku da gidan Aljanna.

Shawarata: zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ku je a gwada jini. Kada ku tsaya a kemis don gudun kuɗi, tiyata ta fi gwaji tsada. Ciki in ya kumbura ya yi tauri, ba na jiƙo ba ne. Ku tafasa ruwan sha. Ku san rukunin jininku tun kuna da lafiya.

Ni dai jira nake likita ya ce jinina ya cika. Ranar da ya faɗa, zan je in miƙa hannuna, ko ban san wanda za a ƙara wa ba.