Man Zaitun a Kaskon Takawa

Duk Galma an san Takawa da mai. Tun tana 'yar shekara tara uwarta ta zaunar da ita bakin murhu, yau shekara arba'in ke nan tana sayen man shanu wajen Fulani, ta soya shi da albasa, ta ɗura a kwalabe ta kai kasuwar Madawa. Man da ya bi ta kaskonta sai ya shekara bai canza ba. In dai zancen mai ne ba ta tambayar kowa, wanda kuma ya ce zai koya mata ya tsokano faɗa.

Bara da kaka mijinta Yaƙubu ya faɗi a gona yana ɗaurin dami. Asibiti suka ce hawan jini ne. Hannun dama da ƙafa suka shanye, baki ya karkace. Takawa ba ta yi kuka ba, ita kanta ta jira kukan bai zo ba. Ta juya shi, ta wanke shi, ta ba shi kunu, ta koma murhu. Abu ɗaya take so, hannun nan ya tashi.

Ɗansu na fari, Isufu, yana aikin gini a Aljeriya. Shi ya aiko da wata koriyar kwalba mai duhu, man zaitun, da saƙon a riƙa ba baba ƙaramin cokali kowace safiya, yana gyara hanyoyin jini. Da yake ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, ta karɓi kwalbar kamar an miƙo mata gishiri. Sai da ta shiga ɗaki ta ɗanɗana. Ɗaci gare shi, yana kartar maƙogwaro. Nan take ta gano matsalar: ɗanye ne, ba a soya ba. Larabawa da duk wayonsu ashe ba su iya mai ba.

Ta yanka albasa uku, ta ɗora kasko, ta soya shi har ya yi hayaƙi, har ɗacin ya fita tas. Ta juye a farar kwalba don ta riƙa ganin saura, ta ajiye bakin taga inda hantsi ke dukansa. Wata shida ba ta yi fashin safiya ɗaya ba.

Ranar da ta je karɓo masa ƙwayoyi ta ba Sa'ida ma'aikaciyar jinya labari, har da ɗan alfahari. Sa'ida ta ajiye biro. Ta yi mata bayani a hankali, cewa akwai wasu sinadarai a cikin man masu kare jijiyoyin jini daga lalacewa, wuta mai yawa da rana suna kashe su, shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai duhu.

"Inna, ɗacin ga da kinka kore, shi na amfanin."

Ta yi saurin ƙarawa da cewa ko ɗanyen ma ba zai ta da hannu ba, ƙwayoyin su ne abin riƙewa. Takawa ta ji na farkon, na biyun ya bi ta bayan kunne. Ta ƙulle maganin a haɓar zane, ta yi godiya, ta tako gida. Ba ta ji haushi ba, ba ta ji komai ba.

Da safe ta ɗaga kwalbar, saura kamar cokali biyu. Ta tallafo kan Yaƙubu ta ba shi. Ya haɗiye, ya lashe gefen bakin da ke motsi, ya ɗaga mata babban yatsan da tun ranar farko yake iya ɗagawa.

"Kin gani? Man yaron ga shina aiki. Da ba ki soya shi ba, da ban iya sha ba."

"Madalla," in ji Takawa.

Ta goge masa baki, ta fita wanke cokalin.