Ƙafar Iya a Cikin Haske

Jiya bayan sallar asuba na koma na kwanta, na yi wani mafarki da har yanzu ya ƙi sakina. Amma bari in ɗan koma baya don ku gane.

Aikina ɗaukar hoto da bidiyo ne, kuma ni ba mutane na fi ɗauka ba, haske nake bi. Shekarun baya na je gida na kafa kyamara a ɗakin kakata, Iya, tun hantsi har la'asar. Rufin ɗakin na da wata 'yar kafa, rana na shigowa ta nan ta sauka a daɓe, faɗin faifai. Iya ba ruwanta da agogo. In hasken ya taɓa ƙafar gado sai ta tashi alwalar azahar, in ya hau jeren kwanukanta la'asar ta yi. Tafiyar hasken nan kaɗai nake so. Sau uku tana miƙe ƙafa cikin hoton, sau uku ina cewa, "Iya, janye ƙafarki, kina ɓata min aiki." Ta yi dariya, ta ce wannan miji nata ya fi son rana a kanta. Ta takure a bakin ƙofa har na gama. Da na zo tace bidiyon na yanke duk inda ƙafar ta leƙo. Damina biyu bayan haka Allah ya yi mata rasuwa. Ranar Asabar za a nuna bidiyon a wani baje kolin hotuna, gobe zan miƙa musu kwafin ƙarshe.

To, a mafarkin sai na gan ni a zauren baje kolin. Bango fari fat, ba kowa, sai takalma jere a bakin ƙofa. Bidiyona na tafiya a jikin bango. Sai kawai ƙasan zauren ya koma daɓen Iya, har da ƙamshin turaren wutarta da man kaɗanya. Hasken ya sauko daga bango ya zauna a gabana. Na taɓa shi, na ji ɗumi kamar ɗumamen tuwo. Wallahi daɗin da na ji ba ya misaltuwa, na dawo gida.

Sai na ji motsin carbi a gefe, daidai inda hoton ya ƙare. Muryarta ce, ba faɗa ba fushi.

"Maigida, ka gama? In miƙe ƙafa?"

Na juya kyamara wajenta. Duk inda na juya sai ta matsa, gefen zaninta kawai nake gani. Na so in ce ta miƙe, ɗakinta ne, bakin ya ƙi buɗuwa.

Sai kawai zauren ya cika da 'yan kallo, suna gyaɗa kai suna yaba hasken, ba wanda ya waiwaye ta. Hasken ya rarrafa ya taɓa ƙafar gado, ya tsaya cak. Ga buta cike da ruwa, ba wanda ya tashi. Muka yi ta jira, ni da hasken. Ta sake cewa, a hankali, "Azahar na wucewa fa."

Nan na farka, rana ta ratso labule ta sauka a kan ƙafata. Ko fuska ban wanke ba na buɗe kwamfuta na tono abin da na yanke. Yana nan, bai kai rabin minti ba: ƙafa da jan lalle ta shigo cikin haske, muryata ta kore ta. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Duk ɗaukar da na yi a duniya, iyakar bidiyon Iya da nake da shi ke nan.

Masu baje kolin sun ce rashin mutum a ciki ne ya sa suka zaɓe shi. Iya kuma mace ce mai kunya, ko baƙo aka yi sai ta ja mayafi ta rufe ƙafa. In na mayar da ƙafar cikin bidiyon, na nuna ta ga idon da ba ta sani ba. In na bari, na sake korar ta karo na huɗu.

Don Allah masu sanin fassarar mafarki, ku taimake ni kafin gobe. Tuna min take yi da abin da na yi mata, ko har yanzu tana bakin ƙofa tana jira in ce ta shigo?