Kwalaben Malama Lai'atu

Lai'atu 'yar Kambai ta fara koyarwa a Kafanchan a 1976, shekarar da aka buɗe firamare kyauta, malamai suka yi ƙaranci, har duk wanda ya iya riƙe alli aka miƙa masa aji. Ni a bakin ƙofar makarantar nake tuyar ƙosai, babu abin da ke wuce ni.

Ba ta da takardar malanta. An gaya mata sufeto zai zo da damina: in ya yaba, a tura ta kwaleji, in bai yaba ba, ta koma noman citta wurin ubanta.

Ajinta na ɗaya kullum a waje yake. Yara su shafa bawon ɗorawa, su shinshina ganyen kaɗanya, su kwanta rub da ciki suna kallon tururuwa, ko su ƙirga sheƙar tsuntsun marai a kan giginya. Hedimasta Bartholomew ya ce wannan kiwo ne, ba karatu ba. Sufeto abin da ke cikin aji yake dubawa. Sai ta tara shinge, wato gara mai fiffike, da gyare da fara a kwalabe goma sha biyu, kowace da sunanta, ta jera a taga.

Ranar da sufeto Martins zai zo, tun da safe yaran suka juye kwalaben suka kawo mini. A garinmu wa ke ajiye shinge don kallo? Na soya musu, na ɗanɗana rabona.

Sufeto ya tarar da kwalabe wayam. Ya tambayi ina ƙwarin. Wata Nkiru, 'yar ma'aikacin jirgin ƙasa, ta ɗaga hannu.

"Sa, da gishiri muka ci."

Lai'atu ba ta ba da haƙuri ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai saura a waje."

Yara suka ja shi har gindin tsamiya. Suka nuna masa ramin gyare da yadda ake gane mai gida na ciki, suka tono biyu, suka faɗi sunansa da Hausa da yare uku. Wandon sufeto ya sha laka.

Bayan wata biyu takardar kwaleji ta iso. Shekara talatin da ɗaya ta koyar. A ƙasan rahoton sufeto ya ƙara layi guda da jan biro: a saya wa ajin nan kwaɗo da makulli.