Direban da Bai Tsaya Ba

A duk shekarun da na yi ina shirya wasan kwaikwayo, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da aka tara mutanen Maraɗi su yanke wa wani hukunci, alhali mutumin babu shi a duniya. Lokacin an buɗe jam'iyyu ke nan, bakin kowa ya buɗe, aljihun kowa ya bushe.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu ba ku san yadda muke yi ba. Ni ne mai shiryawa. Nakan tsara ƙashin labari, in gaya wa kowane ɗan wasa abin da zai aikata, magana kuwa daga bakinsa take fitowa. Mu ɗauka da kamara guda, a sa kaset a motar Yamai, a nuna a talabijin mako-mako. Sama da ni akwai darakta, Mushe Mamman (Mushe shi ne Malam a bakin 'yan Faransanci), wanda sai ya amince kaset ke tafiya. 'Yan wasa ba su da albashi, kowa da sana'ar da yake ci da ita.

Tauraron wasanmu Ɗan Ladi ne, direba mai fara'a da kyauta, ga saurin fushi, ga 'yar ƙarya in ta kama. Mai fitowa a matsayinsa shi ne Sanusi, ɗan kabu-kabu mai haya da moto, wato babur, a unguwar Zariya, mai iyali. A wani kashi na sa Ɗan Ladi ya ɗauko mahaifiyarsa rai a hannun Allah zai kai ta asibiti. A hanya ya kaɗe wani mai keke. Ya taka burki, ya dubi mutumin a ƙasa, ya waiwayi tsohuwa tana numfashi sama-sama, ya ja mota ya wuce. Uwar ta rayu, mai keke ya rasa ƙafa.

Gari ya rabu biyu. A fadar samari, a teburin mai shayi, a gidan biki, zancen ke nan. Wasu na cewa uwa ba ta da madadi, duk ɗan halak abin da zai yi ke nan. Wasu na cewa ashe ran mai keke ba rai ba ne? Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, na Tsibiri ya ce mini har a ƙofar majami'arsu an yi ta musun bayan addu'ar Lahadi. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni, don mai shirya wasa ba abin da yake so irin a yi ta gardama a kan aikinsa.

Ina cikin wannan fankama Sanusi ya same ni a buro, wato ofishinmu, duk ya faɗa.

Ya ce, "Maigida, ka kashe ni. Mutane sun bar hawan moto na. In na tsaya sai a ce a'a, mai kaɗe mutum shi gudu ne. Jiya wata ta hau, da ta ga huskata ta ce in sauke ta. Gidana tukunya ba ta hau wuta ba. Don Allah ka maida abin ga mahwalki."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, amma na ce masa ba zan mayar da shi mafarki ba. Mutanen da suka ba ka hankalinsu, ba za ka wayi gari ka ce musu da wasa kake ba.

Da maganar ta kai ga darakta, sai ya kawo maganin zamanin. Ya ce, "Yanzu demokaraɗiyya ake. A kira jama'a su zaɓa wa Ɗan Ladi, kaso ko ahuwa. Abin da suka zaɓa shi za ka ɗauka."

Na ce, "Mushe, in suka zaɓi kaso, Sanusi ya tabbata mai laifi. In suka zaɓi ahuwa, rabin gari ya ƙara ƙin shi. Ko ta ina shi ne a ƙasa."

Ya ce ya riga ya yanke. Aka yi shela a rediyo.

Ranar da aka sa, farfajiyarmu ta cika maƙil. Aka ajiye ƙwarya biyu, kowa zai jefa tsakuwa a wadda ya zaɓa. Kafin nan aka ba kowane ɓangare dama, suka yi ta zuba kamar masu neman kujerar majalisa. Sanusi na can bakin ƙofa jingine da motonsa, kansa a sunkuye.

Can sai wata tsohuwa ta miƙe, ta ce daga Jiratawa ta zo. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Ni ban zo jefa dutsi ba. Ɗana Isa, mota ta kaɗe shi yana dawowa daga kasuwa. Shi ba ƙahwa ya rasa ba, rai ya rasa. Mai motar bai tsaya ba. Ban sani ba ko uwa tai ya ɗauko, ko sauri dai yake. Kaso ba ta maido mini Isa, kuma wa zan yahe ma, tunda ba wanda ya roƙe ni? Ku sa yaron ga shi koma. Shi tsaya ƙohwar gidan mai keken a ga huska tai. Ni abin da nike jira ke nan har yau."

Ba wanda ya kusanci ƙwarya ko ɗaya. Mushe Mamman, mutum ne mai ganewa, ya matso ya ce mini a hankali, "Za ka iya ɗaukar haka?" Na ce kafin motar Yamai ta tashi kaset na hannunsa.

Tsohuwar ta ratsa jama'a har wurin Sanusi. Ta ce, "Kai ne Ɗan Ladi?"

Ya ce, "Inna, Sanusi nike."

Ta ce, "Na sani. Kai ni gida, ɗana. Ka tahi sannu."

A gaban kowa ta hau bayansa, ta riƙe rigarsa, suka fita.

Haka muka ɗauki kashin. Ɗan Ladi ya je ƙofar gidan, ya yi sallama, mai keke na zaune a tabarma ya ɗago ya dube shi, muka yanke a nan. Ba mu nuna an yafe ba, ba mu nuna an ƙi ba. Musu bai mutu ba, amma mutane suka koma hawan moton Sanusi, wasu ma don su yi ta yi masa faɗa har su sauka, su biya shi.

Daga baya ya ba ni labarin abin da ya faru a Jiratawa. Da suka isa, ta hana shi juyawa. Ta shiga gida, ta ce ya tsaya a ƙofa ya yi sallama. Ya yi. Ta fito ta daɗe tana duban fuskarsa, hawaye na zuba, sannan ta ce, "To, ka zo."

Ban daina sa mutanen wasana aikata laifi ba, don wasan da kowa waliyyi ne ba mai kallonsa. Amma tun daga ranar, kafin in sa wani ya cuci wani a gaban kamara, nakan tuna cewa ɗan wasan da fuskar nan zai fita neman abinci, kuma cikin masu kallo akwai wanda shi da gaske aka yi masa.